Mörk Borg: littafin wasan da aka gina shi kamar albam ɗin metal, ga abin da na gani bayan zama takwas

Jama'a wata huɗu kenan da littafin nan ya shigo hannuna, mun zauna kansa ni da abokan wasana sau takwas, kuma sai yanzu nake jin na isa in buɗe baki a kansa, don irin wannan kaya in ka yi saurin yabo to bangon ka yaba ba wasan ba. Bangon kuwa wallahi abin a yaba ne, rawaya ce mai kashe ido, ga wani ƙwarangwal mai ƙaho baƙi ƙirin tsaye da garkuwa, ɗan ƙaramin littafi ne girman A5 mai bango mai tauri, bai ma cika shafi 100 ba, in ka kashe fitila gefensa yana haske cikin duhu. Wanda bai san komai a kansa ba in ya gan shi kan tebur zai ɗauka bangon albam ne na masu kiɗan metal, wato kiɗan rok mai nauyi da ƙarar jita, kuma bai yi nisa da gaskiya ba.

Sunan Mörk Borg da yaren Suwidin yake, ma'anarsa ganuwa mai duhu. Pelle Nilsson ne ya rubuta, Johan Nohr ya yi zane da tsara shafuka, kamfanin Free League na Stockholm ya fitar da shi a 2020. A shekarar ya kwashe zinare uku a kyaututtukan ENNIE da ake ba irin waɗannan wasanni, na kayan da ya fi fice a shekara da na rubutu da na tsarin shafi, sannan azurfa a ɓangaren wasan da ya fi kyau. Masu littafin da bakinsu suka ce albam ne na doom metal a siffar wasa, kuma da na fara jin maganar na ɗauka salon talla ne kawai. Ba talla ba ne, shi ne ma dalilin da ya sa nake wannan rubutu.

Ga wanda bai taɓa buga irin wasan nan ba bara in yi bayani a gajarce. Mutum uku zuwa biyar ne za su kewaye tebur, ɗaya shi ne mai jan labari, shi zai ce kun iso bakin wani kango ƙofar a buɗe take ana jin wari daga ciki, sauran kowa yana riƙe da mutum ɗaya a cikin labarin, sai ka ce ni zan leƙa, wani ya ce ni zan tsaya a baya da fitila. In abin da za ka yi akwai haɗari sai a jefa dayis, wato ɗan jifa mai lambobi irin na ludo, ya yanke hukunci. Babu allo babu kwamfuta, takarda ce da fensir da baki. Uban gidan duka shi ne Dungeons & Dragons da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974.

To shi wannan wasa da kiɗan rok tun tasowarsu maƙwabta ne, rijiya ɗaya suke ɗiba. Led Zeppelin sun ambaci Mordor da Gollum na littattafan Tolkien a waƙa tun 1969, Black Sabbath na Birmingham suna da waƙar boka a albam ɗinsu na farko a 1970, marubucin nan Michael Moorcock mai labarin Elric har dandamali ya hau tare da Hawkwind ya kuma rubuta wa Blue Öyster Cult baitoci, shi ɗin dai kuma littattafansa na cikin waɗanda Gygax ya lissafa a matsayin tushen wasansa. A 1989 ƙungiyar Bolt Thrower ta Ingila ta fitar da Realm of Chaos da zanen kamfanin wasanni na Games Workshop a bango. Kai har zargi tare aka yi musu, a shekarun 1980 a Amurka an yi ta kururuwar cewa wasan da kiɗan suna jan yara bautar shaiɗan, aka kafa ƙungiyar BADD a 1983 don yaƙar wasan, aka kafa ƙungiyar PMRC a 1985 kan kalaman waƙoƙi. Waɗanda suka kalli zangon 2022 na shirin Stranger Things sun ga wannan tarihi a jikin Eddie Munson, mai jan labari a tebur kuma mai kaɗa waƙar ƙungiyar Metallica da jita.

Amma abin da na daɗe ina lura da shi shi ne duk wannan zumunci a bango yake tsayawa. Zane iri ɗaya, masoya iri ɗaya, dodo da takobi a nan dodo da takobi a can, amma in ka buɗe littafin dokokin babu kiɗa a ciki, lissafi ne da jadawali, kiɗan sai dai ka kunna shi a gefe. Mörk Borg shi ne na farko da na riƙe na ji kiɗan ya shiga cikin dokokin kansu, kuma wurin da ya shiga shi ne kalandar.

Bara in tsaya nan sosai don nan ne zuciyar littafin. Doom metal ba irin metal mai gudu ba ne, a hankali yake tafiya, an sassauta tsirkiyar jita har sautin ya koma ƙasa yana girgiza maka ƙirji, kiɗa ɗaya za a yi ta maimaitawa kamar ana jan dutse, ka san inda za shi, ka san ba daɗi ne a can ba, amma ba ya sauri kuma ba ya tsayawa. To haka duniyar wasan nan take. Tun shafukan farko an gaya maka duniyar nan mutuwa take yi, wasu dodanni biyu masu kai bibbiyu, ɗaya daga cikin kawunan mai suna Verhu ya yi hasashen ƙarshen komai kuma duk abin da ya faɗa yana faruwa. Sai aka ba ka Kalandar Nechrubel. Kafin a fara wasa za ku zaɓi dayis ɗaya, mai fuska 100 ko 20 ko 10 ko 6 ko kuma mai 2, duk asubar da ta waye a cikin labarin mai jan labari zai jefa shi, in 1 ta fito to masifa ta sauka kan duniya gaba ɗaya, sai a sake jefa wasu a duba wacce ce cikin guda 36 da aka jera kamar baitoci, kuma ba a maimaita wadda ta riga ta faru. Shida ake yi a haka. Ta bakwai ba a zaɓenta, kullum ita ce 7:7, duniya ta ƙare, wasan ya ƙare, littafin ma cewa ya yi ka ƙona shi.

Ka duba lissafin, in kun ɗauki mai fuska 6 kusan kwana arba'in da ɗoriya ne duniyar za ta yi, in mai 2 ne sati biyu ma da ƙyar, in mai 100 ne za ku iya jan ta shekara da shekaru. Wato ku ne kuke zaɓen tsawon waƙar. Mu mai 6 muka ɗauka kuma abin da ya yi wa teburinmu ban taɓa ganin wata doka ta yi ba. A sauran wasanni in mutanenku sun jikkata sai a ce mu kwana uku mu huta, ba wanda ya damu. Nan kuwa kowane kwana jifa ɗaya ne, sai ka ga ana gardama da gaske, mu huta ne ko mu shiga a haka da ciwo, kuma lokacin da na ɗauki dayis ɗin asuba ɗakin tsit yake yi, har mai yawan surutun cikinmu shiru yake yi yana kallon hannuna. Wannan shirun shi ne daidai abin da kake ji kafin ganga ta sauko a waƙar doom. Ba wanda ya rubuta a shafi cewa ku ji tsoro, dayis ɗaya ne kawai yake aikin.

Mutanen da za ku riƙe kuma ba jarumai ba ne, kar ma ka sa rai. Siffofi huɗu ne kacal, zafin nama da kwarjini da ƙarfi da juriya, kowanne daga -3 zuwa +3 a farko. Ƙarfin ranka juriyarka ce a haɗa da jifa ɗaya na mai fuska 8, don haka ba abin mamaki ba ne ka fara wasa da maki 2 ko 1 ma. Makami ma jefawa ake yi, wani ya samu ƙaton takobi na hannu biyu wani ya samu ƙashin cinya, ƙashin cinya fa na gaske shi ne makaminka. A cikin kayan farawa za ka iya tashi da jaki ko ɗan ƙaramin kare mai cizo ko birai. Akwai rukuni shida ga mai so, sojan da ya gudu daga yaƙi mai fiƙa wanda bai iya karatu ba sai cizo, ɗan kwararo ɓarawo, mai zaman kaɗaici masanin asiri, ɗan sarautar da mulkinsu ya rushe, limamin da ya bar hanya, da mai haɗa magunguna. Minti biyar zuwa goma ka gama haɗa mutum, akwai ma shafinsu na intanet mai suna Scvmbirther da zai haɗa maka da dannawa ɗaya. Hakan da gangan ne, don mutuminka zai mutu kuma ana so ka dawo tebur kafin a gama faɗan.

Ɗaya daga cikinmu ta samu 'yar sarauta da maki 3, ta yi zama huɗu tana lallaɓa ta, ba ta shiga gaba ba ta taɓa abin da ba ta gane ba, ranar da ta mutu kuwa saboda ta koma ɗauko wani da ya faɗi ne, kuma yadda teburin ya yi jugum na minti guda ya fi duk nasarar da muka taɓa yi a wasannin da mutum ke da maki 80 yana yawo kamar tankar yaƙi. In rai ba shi da yawa sai ya yi tsada.

Dokar kanta shafi ɗaya ta isa. Ka jefa mai fuska 20 ka haɗa da siffarka ka nemi 12 ko sama a yawancin lokaci. Abin da na fi so shi ne mai jan labari ba ya jefa wa dodanni dayis ɗin hari, kai ne za ka jefa ka kare kanka, don haka hannun 'yan wasa ne kullum a kan dayis, in an sare ka kai ka jefa. Sulke yana rage ciwo ne ba ya hana a same ka, garkuwa kuma kana iya barin ta ta karye ta shanye sara ɗaya gaba ɗaya. Akwai wasu 'yan maki na sa'a da ake ba ka kaɗan, ka sake jifa da su ko ka rage ciwo, su ne kawai tausayin da littafin yake da shi. Tsafi a naɗaɗɗun takardu yake kuma in jifa ta ɓaci akwai jadawalin bala'i na musamman da ke jiranka. Har ci gaba ma ba tabbas, in an ce kun ƙaru sai ka jefa wa kowace siffa, tana iya hawa tana iya sauka. Faɗa ba ya wuce minti goma sha biyar, an gama an kwashe gawa an wuce.

Yanzu maganar kiɗa a tebur, don a farkon littafin sun jera sunayen ƙungiyoyin da suka saurara lokacin aikin, akwai Sleep da Electric Wizard da Cathedral da Earth da Sunn O))) da Bell Witch da wasu da dama, kuma ni wannan jeri kaɗai ya buɗe min ƙofofi, kusan rabinsu ban taɓa jin su ba. Amma ga shawarar da gwaji ya koya mana, ba kowanne ne yake zama a tebur ba. Masu ihun murya da ganga mai gudu suna cinye maganar mai jan labari, sai ka ga kowa yana cewa me ka ce, an rage sauti an ƙara an rage. Waɗanda suka zauna daram su ne masu jan sauti doguwa ba waƙar baki sosai. Mirror Reaper na Bell Witch da ya fito a 2017 waƙa ɗaya ce tal mai minti 83, kusan duk jitar bes ce da ganga, ka kunna ta ƙasa ƙasa ka manta da ita, ita za ta yi ta aikinta a bayan kunnen mutane, kuma sau da yawa sai ta ɗaga daidai lokacin da aka buɗe wata ƙofa kamar an shirya. Masu zafin kuma ka ajiye su sai faɗan ƙarshe, minti uku ko huɗu, ka kashe. Sifika kuma kar a sa ta kan teburin da ake jefa dayis, a nesa da mai magana ta fi.

To sai inda nake da ƙorafi, kuma ba ƙarami ba ne. Abin da ya sa littafin ya yi kyau shi ne dai ya sa yake da wuyar aiki. Kowane shafi kamar fosta yake, salon rubutu barkatai, wani a kwance wani a karkace wani ya cika shafi biyu da kalma uku, ruwan hoda kan baƙi, rawaya kan azurfa, wani rubutun irin na tsoffin littattafan Turai mai ƙayoyi wanda sai ka ƙura ido kafin ka raba harafi da harafi. In kana kwance kana kallo abin sha'awa ne, ka yi awa guda kana juya shafi. In kuwa ana tsakiyar faɗa mutum huɗu suna jiran ka duba me ke faruwa in makin mutum ya kai sifili, to nan kwalliya ta zama cikas. Mai matsalar ido ko wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba zai sha wuya ninki biyu, don kalmomin ma tsofaffi ne masu nauyi da gangan. Na yarda cewa hayaniyar shafin wani ɓangare ce ta saƙon, kamar yadda ba za ka ce wa mai metal ya rage ƙarar jita don a ji baiti ba, amma littafin doka kayan aiki ne kuma dole a faɗi hakan. Sun dai yi abin kirki biyu, akwai taƙaitaccen jerin dokoki a cikin bangon baya, sannan sun saki wani bugu mai suna Bare Bones kyauta, rubutu zalla ba zane. Shawarata ka karanta mai rawayar don ka sha ruhin abin, ka buga da ɗayan a gefenka.

Abu na biyu, littafin ba ya koyarwa. Ya ɗauka ka riga ka san yadda ake jan labari, babu dogon babi da zai riƙe hannunka ya nuna maka yadda za ka tsara zama ko ka raba lokaci tsakanin 'yan wasa. Duniyar ma ɗan tsakure ake ba ka, birnin Galgenbeck da dajin Sarkash da ƙasar ƙanƙara ta Kergüs da Grift, kowanne 'yan layuka ne masu daɗin karatu amma sauran aikin naka ne. Ni hakan ya min, don ina son a bar min fili, amma wanda wannan ne wasansa na farko kuma shi ne zai ja labarin gara ya kalli yadda wasu ke bugawa tukuna.

Abin mamaki shi ne labarin gwaji da ke ƙarshen littafin, Rotblack Sludge, shi kuma tsarinsa tsaf yake kamar ba mutanen nan suka yi ba. An yanke muku hukuncin kisa, sai a ba ku dama ku shiga wani rami ku nemo magajin Sarkin Inuwa da ya ɓata. Kowane ɗaki bayaninsa gajere ne a jere, ga ƙaramar taswira a shafin tana nuna maka inda kake, ba sai ka yi ta komawa baya ba. Na ja shi bayan karatu ɗaya kuma zama biyu ya ɗauke mu. Wannan ya nuna min hargitsin sauran shafukan zaɓi ne ba rashin iyawa ba, shi ya sa ma ƙorafina bai sauka ba, tunda sun iya da sun yi wa shafukan faɗa haka.

Dole in faɗi wannan kuma dan Allah a ji ni, littafin ba na yara ba ne. Akwai ƙoƙon kai da jini da gawa da cin naman mutane, akwai alamomin addini da aka juya da gangan irin yadda masu black metal suke yi, masifun kalandar ma an rubuta su ne da salon littafin ibada na ƙage. Duk ƙirƙira ce kuma akwai baƙar barkwanci a ciki sosai, amma wanda zuciyarsa ba ta ɗaukar irin wannan ba laifi ya bar shi, wasanni suna da yawa. Kuma kafin ku zauna ku tambayi juna me ba a so a taɓo, mu mun cire abubuwa biyu tun ranar farko kuma wasan bai ragu da komai ba.

Wani abin da ya ƙara kama da harkar kiɗa shi ne sun buɗe lasisi kowa ya rubuta nasa ya sayar, sai abin ya zama kamar ƙananan ƙungiyoyin da ke buga kaset ɗinsu da kansu, 'yan ƙananan mujallu da rukunai da dodanni sun cika intanet, wasu masu kyau wasu rawaya da ƙwarangwal kawai suka kwafa ba su kwafo nauyin ba. Daga tsatson wasan nan ne CY_BORG da Pirate Borg suka fito, ɗaya na duniyar na'urori ɗaya na 'yan fashin teku, ban buga su ba tukuna.

In kana son mutuminka ya girma shekara biyu ya zama sarki, ko kana son dokoki masu yawa da za ka zauna kana haɗa dabaru, wannan ba naka ba ne, zai ba ka haushi tun zaman farko. In kuwa kana da abokai uku da dare ɗaya kuma ka taɓa jin jita ta sauko a hankali tsigar jikinka ta tashi, nemi shi, na takarda ba na waya ba, don azurfar shafukan da hasken gefen ba sa fitowa a allo. Mu yanzu masifa biyar ta sauka, saura ɗaya kafin ta bakwai, mutum ɗaya ne kawai ya rage cikin waɗanda suka fara tafiyar, kuma tun yanzu ana gardamar wace waƙa za a kunna ranar 7:7. Ni na riga na zaɓi tawa, ta farko a albam ɗin Black Sabbath na 1970, wadda take buɗewa da ruwan sama da ƙararrawa.